Na'urar da Ta Ari Bakina

Ranar da na koma shago bayan rasuwar mijina, ko jakata ban gama ajiyewa ba wata mata ta shigo tana dariya tun daga bakin ƙofa. Doguwa ce, irin ma'aikatan nan da suke leƙowa a kan hanyarsu ta zuwa ofis. Ta dafa kantar shagon ta ce, "Anti, don Allah ki ce wa Injiniya ya ƙyale dutsen gugar nan haka. Jiya a mota na karanta, na yi dariya sai da direba ya waiwayo."

Na tsaya ina kallonta. Na ce, "Wane dutsen guga?"

"Wanda ya kwance ya mayar mana, ya ga ragowar kusoshi a hannunsa, ya ce ai kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Kai, mutumin nan naki sai dai a bar shi!"

Yayata, wadda ta riƙe mini shagon tun daga jinya har zaman gidan da ya biyo baya, ta yi wuf ta shiga tsakaninmu. Ta ja matar can wajen tukwane tana yi mata surutun da ba ta tambaya ba, har ta sayar mata da mataci ta raka ta waje. Da ta dawo sai ta kama goge gilashin da ta riga ta goge.

Na ce, "Yaya, me matar nan take faɗa?"

Ta ce, "Ki tambayi Auta. Ni ban san kan waɗannan abubuwan ba."

Bari in yi bayani, don wanda bai san ni ba. Kayan kicin nake sayarwa, da ƙananan kayan wuta: filas, butar lantarki, injin markaɗe, dutsen guga. Shagona ba wani babba ba ne, yana tsakanin mai gyaran waya da kemis, in mutum uku suka shigo na huɗun sai ya jira a waje. Abin da ya sa aka san ni shi ne shafina na intanet. Ban taɓa sa kaya a shafin ba sai na kai shi gida na yi amfani da shi, kuma da aibinsa nake farawa. "Kar ki saya in kina da yara masu ɓarna, murfin ba ya jure faɗuwa." Haka nake buɗe kowane rubutu, har aka laƙaba mini Anti Kar-ki-saya. A tsaye nake rubutawa da safe kafin ruwan shayi ya tafasa, da babban yatsa ɗaya, ba ruwana da waƙafi balle aya.

Injiniya kuwa mijina ne, kuma bai taɓa zama injiniya ba. Ma'ajin sito ne a wani kamfanin sufuri har ya yi ritaya. Sai dai Allah ya ɗora masa son kwance duk abin da ke da kusa a jiki. In na kawo kaya gida don gwaji, kafin in juya baya ya ɗauko sukundireba. Tun ina faɗa har na gaji na koma ba da labarinsa a shafi, mutane kuma suka kamu da sonsa ba tare da sun taɓa ganin fuskarsa ba.

Tun ranar da aka kwantar da shi a asibiti ban sake buɗe shafin ba. Na ciro wayar daga jaka na buɗe. Akwai rubutu na safiyar ranar. Akwai na jiya, ga dutsen gugar nan da kusoshinsa. Na yi ta ja baya, kowace safiya da nata, ba fashi. Duk da bakina aka yi su. Ga "kar ki saya" ɗina, ga yadda nake cewa "ke dai bari", har da tsakin da nake rubutawa in abu ya ba ni haushi. Na kai ranar da ya cika. A ranar, in ji shafina, Injiniya yana tsaye a kicin yana gardama da butar lantarki kan wanda ya fi wani saurin tafasa. Mutane sun yi ta dariya a ƙasan rubutun.

Na kira Auta na ce ta zo yanzu-yanzu. Ta ce tana bakin aiki. Na ce ban tambaye ta inda take ba.

Auta ita ce ƙaramar 'yata, tana aiki a ofishin wani kamfanin waya, ita ce kuma take gyara mana duk abin da ya gagare mu a wayoyinmu. Ta zo lokacin hutun rana da katin aiki rataye a wuya. Tana ganin fuskata ta san an zo wurin. Ta zauna a kan kwalin filasai ba tare da na ce ta zauna ba.

"Mama, ke kika ce kar a bar shafin ya mutu. A barandar asibiti kika faɗa mini."

"Na faɗa. Na ce ki tayar mini da aljani ya riƙa magana da bakina?"

"Ba aljani ba ne. Manhaja ce, ƙirƙirarriyar basira ake ce mata. Na kwashe duk rubutunki na shekarun nan na ba ta, na ba ta hotunan sababbin kaya, ta rubuto da yawa. Na jera su yadda kullum da safe ɗaya zai fita da kansa. Lokacin ai muna zaton sati biyu za a sallame shi."

"Da ya rasu fa?"

Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar katin. "Wallahi da farko mantawa na yi. Wa yake ta shafi a lokacin? Da na tuna, na buɗe zan kashe, sai na ga na ranar. Baba yana gyara agogon bango. Na karanta, na sake karantawa. Na ce gobe zan kashe."

Na zazzaga mata masifa, ba zan ɓoye ba. Na ce ta mayar da ubanta ɗan wasan kwaikwayo yana kwance a ƙasa, ta mayar da ni maƙaryaciya a gaban mutanen da suka yarda da ni saboda ba na yi musu ƙarya. Yaya tana ta "haba, ya isa," ni kuwa kamar ƙara zuga ni take. Da na yi shiru don in ja numfashi, Auta ta karɓi wayata ta shiga wani wuri ta miƙo mini.

"Ga shi. In kin danna jan nan, duk sauran da ke layi sun goge. Shi ke nan."

Na dubi jan maɓallin. Na ce, "Ba haka kawai za a kashe shi kamar fitila ba. Mutanen nan sun san shi, sai an gaya musu. Ni zan rubuta da hannuna, in na sa, sai in goge sauran."

"To yaushe?"

"Yau ɗin nan. Rubutu ne fa. Ni za a koya wa rubutu?"

Ban rubuta a ranar ba. Washegari ma ban rubuta ba.

Ba wai ban gwada ba. Na tsaya a kicin inda na saba tsayawa, na ɗora ruwan shayi, na ɗaga yatsa. Na rubuta, "Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah." Na duba na ga wannan ai sanarwar ofis ce, na goge. Na rubuta, "Ke dai bari, yau ba kaya na kawo muku ba." Na duba na ji kunya ta kama ni, domin daidai abin da na'urar za ta rubuta ke nan, na san ta yanzu. Na goge. Ruwa ya tafasa ya ƙone a buta ban samu layi ɗaya ba. Ina nan tsaye wayar ta yi ƙara, rubutun ranar ya fita da kansa. Injiniya ya sa wa injin markaɗe man keke don ya rage ƙara.

Na karanta. Allah ya gani, murmushi na yi kafin in tuna.

Daga nan zama ya gagare ni. A shago in kwashe tukwane daga hagu in mayar dama, in an jima in dawo da su. In fita bakin titi in tsaya kamar mai jiran wani, in dawo. In leƙa wurin mai gyaran waya in tambaye shi abin da na san amsarsa. Yaya ta ce, "Ke kam kin ishe ni da safa da marwa, jiri kike sa ni. Ki zauna ko ki tafi gida." In na tafi gida kuma can ɗin ya fi. Falo ya yi mini faɗi, ɗaki ya yi mini ƙunci, in buɗe firij in rufe ban ɗauki komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na kasa gano iyaka. Na koma baya a shafin ina neman inda nawa ya ƙare nata ya fara, na rufe kwanan wata da yatsa don in gwada kaina. Na nuna wani na ce wannan nawa ne, ba shakka, wannan zafin bakin ba mai iya shi sai ni. Na ɗaga yatsa, na ga an sa shi ina asibiti ina riƙe da robar fitsari. Na nuna wani na ce wannan na na'ura ne, ya yi lami. Nawa ne, na bara.

Na nuna wa Yaya. Ta sa tabarau ta duba ta ce, "Ni dai bambancin da na gani, ita ba ta cin haruffa. Ke kuwa rubutunki kamar kaza ta bi ta kai."

"Na gode, Yaya. Kin kwantar mini da hankali."

"To ƙarya zan yi miki? Kuma ciniki bai ragu ba, in ma ba ƙaruwa ya yi ba."

Wannan maganar ta yi ta damuna har yamma. Shekara da shekaru ina ɗaukar bakin nan nawa wani abu ne da Allah ya ba ni ni kaɗai, kamar zanen yatsa. Ashe abu ne da za a iya kwashewa a zuba a wani mazubi, a ci gaba da rabawa ba tare da an neme ni ba, kuma ba wanda zai ce ya ji ɗanɗano ya canza.

Masu saye kuwa ba su fasa shigowa da gaisuwarsa ba. Wata ta ce in gaishe shi. Wata ta ce mijinta ma haka yake, ya kamata a haɗa su su buɗe gareji. Wani dattijo ya kawo tsohuwar rediyo a leda, wai a ba Injiniya kyauta ya samu abin kwancewa. Na karɓa na ce an gode. Me zan ce? In na buɗe baki in faɗa, sai in ga fuskar mutum cike da fara'a, in ji kamar zan watsa masa ruwan sanyi. Mai gyaran waya, wanda ya je jana'izar da ƙafarsa, yana jin su ta bango. Ran nan ya leƙo ya ce a hankali, "Hajiya, abin nan fa ya kamata a san yadda za a yi." Na ce masa ya ji da wayoyin mutane da ya tara ya kasa gyarawa. Ya koma shagonsa, ni kuma na wuni ina jin haushin kaina.

Har wata butar lantarki mai kyau na'urar ta yi wa sharri, ta ce marfinta yana zubar da ruwa. Na kai ɗaya gida na cika ta na karkata ta ta kowane ɓangare, ko ɗigo. Butocin suna nan jere a kan kantar shago ba mai taɓa su, saboda Anti Kar-ki-saya ta ce kar a saya. Na yi ta bambami ni kaɗai a kicin. Duk da haka da gari ya waye, kafin in wanke fuska, wayar na fara lalubowa in ga me ya yi yau.

Auta ta biyo ta shago wata ranar bayan an tashi daga aiki. Ta ga yadda na zabge, ta ce, "Mama, in rubutun ne ya gagara, ki bari manhajar ta yi miki daftari. Ba sai kin sa shi ba. Ki gani kawai, ko zai buɗe miki hanya."

Na ce, "Ita za ta sanar da mutuwar mijina?"

"Daftari kawai na ce."

Ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Ta zauna ta yi 'yan danne-danne, kafin Yaya ta gama rufe taga har an gama. Ta miƙo mini, na ce ta karanta da kanta, idona ya gaji.

Ta karanta. Ya fara da "kar ki saya", wai kar ki sayi abin da za ki saba da shi har ki kasa rayuwa in babu shi. Ya bi ta kan kusoshi da sukundireba da man keke, yana sa mutum dariya yana kuma matse masa ƙirji. A ƙarshe ya ce, "Injiniya ya tafi inda babu abin da ya lalace. Ban san me zai samu ya kwance a can ba."

Yaya ta zauna daɓas a kan kujera ta rufe fuska da gyale tana kuka. Ni kuwa wani baƙin ciki ne ya taso mini, ba na rashi ba, na kishi. Abin ya yi kyau. Ya fi duk abin da na goge kyau nesa ba kusa ba. Da a ce ni na rubuta shi, da na yi alfahari da shi har in mutu. Ga shi abin da bai taɓa jin warin man gashin mutumin nan ba, bai taɓa jin tarinsa ta bango ba, shi ya iya yi masa bankwana, ni matarsa na tsaya baki buɗe.

Yaya ta share hanci ta ce, "Ki sa wannan kawai ki huta. Wa zai sani?"

Yatsana ya kai kusa, ba zan yi musu ba. Na ce, "A bar shi tukuna." Na kashe fuskar wayar na jefa ta jaka. A hanyar gida na sauka daga mota tun kafin a kai unguwarmu, na ƙarasa da ƙafa, don ba zan iya zama a kujera ba.

Ranar hutun ƙarshen mako Auta ta zo taya ni kwashe kayansa. Mun bar tufafi sai wani lokaci, muka fara da durowar da yake tara tarkacensa a baranda. Wayoyin wuta a nannaɗe, batura matattu, gwangwanin madara cike da kusoshin da ba wanda ya san daga inda suka fito. Muna zaune a ƙasa da rana tsaka, muna ware na zubarwa da na bayarwa. Na ɗauko wata farfelar fanka ƙarama, sai dariya ta kuɓuce mini.

Na ce, "Kin tuna ranar da ya gyara fankar nan ta tsaye, ta koma juyawa da baya? Muna zaune gumi na zuba, ita kuwa bango take yi wa fifita. Na ce Injiniya me ke nan, ya ce ai bangon ma yana jin zafi, a bar shi ya sha iska." Na yi dariya har da hawaye. "Yana tsaye da singiletinsa mai huji a kafaɗa, ko a jikinsa."

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ajiye batirin da ke hannunta.

"Mama, wannan bai faru ba."

"Kamar yaya bai faru ba? Ina wurin."

"Manhajar ce ta rubuta shi. Fankar tsayen nan yana asibiti aka kawo ta shago, ni na ɗauki hotonta. Ba ta taɓa shigowa gidan nan ba."

"Ke, kar ki raina mini hankali. A falon nan aka yi, kusa da taga. Ina ganinsa yanzu haka."

Ba ta yi gardama ba. Ta ciro wayarta ta nemo ta miƙo mini. Ga fankar, ga bangon da ke jin zafi, kalma bayan kalma yadda na faɗa. Kwanan watan kuwa lokacin an riga an sa masa robar abinci ta hanci. Singiletin ce kawai babu a rubutun. Wannan ni na sa masa ita da kaina, don ya ji daɗin tsayuwa a cikin ƙaryar.

Na tashi tsaye, na koma na zauna, na sake tashi. Na shiga falo na dubi wajen tagar. Ba ko soket a bangon nan, ba inda za a jona fanka. Amma ina rufe ido ina ganinsa a wurin.

Na dawo na ce, "Ranar da ya sa wa ƙofar banɗaki ƙararrawa fa?"

"Wannan gaskiya ne. Ina sakandare."

"Agogon da ya koma bugawa sau goma sha uku?"

"Na manhaja ne."

"Tukunyar da ya liƙe da cingam?"

Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Wallahi ni ma ban sani ba."

Muka dubi juna. Tsoro ne ya kama ni, tsoro sosai, irin wanda ban ji ba ko a asibiti. A can na san abin da ake ɗauke mini. Nan kuwa ana ta sauya mini shi kaɗan-kaɗan kowace safiya, da bakina, ina karɓa ina murmushi. In aka ƙara wata shida a haka, wane mutum zan ba jikokina labari? Wani mai ban dariya da ba ya gajiya, ba ya fushi, ba ya yin kwana biyu bai yi wa kowa magana ba in abin duniya ya dame shi. Nawa yana yin duk waɗannan, kuma ban taɓa rubuta su ba, don haka na'urar ba ta san da su ba.

Na ce, "Nuna mini jan nan."

Ta buɗe. Akwai sauran rubutu da yawa a layi, ana ganin kawunansu. Na ga "Injiniya da na'urar gasa burodi", idona ya fara bin layin da kansa. Na kawar da kai na danna. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na sake dannawa. Daftarin bankwanan ma na sa Auta ta goge shi a gabana, duk da na riga na haddace ƙarshensa, kuma na san ba zai fita daga kaina ba.

Washegari na buɗe shago da wuri, kafin Yaya ta iso. Ban ɗora ruwa ba, ban nemi wata dabara ba. Na tsaya a bayan kanta na rubuta abin da ya zo, ban koma na duba ba:

"Injiniya ya rasu. ya dade da rasuwa tun kafin dutsen guga. duk abinda kuka karanta tun da aka kwantar dashi bani na rubuta ba naura ce. bai taba dutsen gugar ba bai taba fankar ba a asibiti ko cokali baya iya rikewa. butar lantarki bata zuba na gwada. mutum ne mai shiru yafi yadda nake fada muku shiru. na so in rubuta abu mai kyau na kasa. ku yi masa addua"

Na tura. Na ajiye wayar a kan kanta na ja baya kamar wadda ta ajiye abu mai zafi.

Yaya ta shigo ta karanta a tsaye. Ta daɗe tana kallon wayar. Ta ce, "Wancan ya fi daɗi." Na ce na sani. Ta ajiye jakarta ta zo ta tsaya kusa da ni, kafaɗarta na taɓa tawa.

Wayar ta fara ƙara. Wasu suka yi salati, suka yi addu'a. Wasu suka yi fushi, suna da gaskiya kuma, suka ce an sa su dariya a kan mamaci. Amma da yawa ba su yarda ba. Wani ya ce an sace shafin, a yi hattara, kar kowa ya tura komai. Wata ta ce ta shekara biyar tana karanta Anti, ta san rubutunta ko a mafarki, wannan ba ita ba ce, Anti ba ta rubutu a bushe haka. Mutane suka yi ta danna mata alamar yarda. Na karanta na sake karantawa. Na ɗaga yatsa in kare kaina, na rasa da wane baki zan yi, tunda wanda suka sani na goge shi jiya da hannuna.

Sai ga saƙon doguwar matar nan ta ranar farko, na gane ta a hoto. Ta rubuta, "Anti, in wasa ne wannan bai yi daɗi ba sam. Don Allah gobe ki dawo mana da Injiniyanmu."

Na jawo kujera na zauna, karo na farko da na zauna da niyyar zama tun da na dawo shagon. Na rubuta mata, "bazan iya ba yar uwa. nima na so."